Kaka Ɗaya Cikin 256: Me Ake Nufi da Asali a Jega, Aliero da Maiyama?

In aka tambaye ka asalinka, amsa ɗaya ake jira daga bakinka. Bakabe, ko Bafulatani, ko Ba'are, ko Bazabarme. Ba a ba ka fili ka ce babanka Bagimbane ne, innarka Bafulatanar Gwandu ce, kakarka ta wajen uwa kuma har ta rasu in ranta ya ɓaci da Zabarmanci take faɗa. Mai tambaya sauri yake yi, takardar da za ka cike ma layi ɗaya ta bar maka. Sai ka zaɓi na uba, ka haɗiye sauran.

Wasu wannan bai dame su ba ko kaɗan. Wasu kuwa yana ci musu tuwo a ƙwarya: a dangin uba ana ce musu 'ya'yan Fulani, in sun je dangin uwa a ce ga Haɓe sun zo. Wani aurensa ne ya tsaya a wurin binciken asali. Wani kuma rigimar "Hausa zalla" da "Fulani zalla" da ake tafkawa a Facebook da TikTok ce ta sa shi tsaka mai wuya, don duk ɓangaren da aka zaga, an zagi wani a gidansu.

To bari mu ɗauki tambayar da gaske, mu ga abin da lissafi da tarihi da kimiyyar gado suka ce a kanta. Za mu tsaya a yankin Jega da Aliero da Maiyama na masarautar Gwandu a jihar Kebbi, saboda akwai wani abu da ya faru a nan wanda ba kasafai ake samun sa a rubuce ba: an ga haihuwar sunan al'umma, da shekararsa da dalilinsa.

Fara da ƙidaya

Iyayenka biyu ne. Kakanninka huɗu. Iyayensu takwas. Kowane hawa ka ƙara, adadin ninkawa yake: 16, 32, 64, 128, 256. Masana kan ƙiyasta tazarar da ke tsakanin hawa da hawa da shekara 25 zuwa 30. In an haife ka wajejen 2000, mutanen da ke hawa na takwas a bayanka su ne manya a lokacin da aka fara jihadi a 1804. Su 256 ne.

Cikin waɗannan 256, mutum ɗaya tak ne ya ba ka abin da kake kira asalinka: uban uban uban ubanka, har zuwa can. Sauran 255, waɗanda 128 daga cikinsu mata ne, ba su da ko kujera a cikin amsar da kake bayarwa. Kason da ya zo maka daga wannan kaka ɗaya, a matsakaicin lissafi, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ci gaba da ninkawa ka ga abin mamaki. Hawa 20 ya haura mutum miliyan ɗaya. Hawa 30, wato kimanin shekara 800 baya, ya haura biliyan ɗaya, alhali mutanen duniya kaf a wancan zamani ba su kai rabin haka ba. Yaya aka yi? Ai mutum ɗaya yana fitowa a gurbi da yawa. Ka duba auren zumunci: in iyayenka ɗan wa da 'yar ƙane ne, a hawa na uku mutum shida gare ka, ba takwas ba, don biyu sun zauna a kujera bibbiyu. Haka rassan ke ta komawa cikin juna. Ma'anar wannan ita ce, duk mutum biyu da kakanninsu suka daɗe a kwarin Gulbin Zamfara da Gulbin Kabi, da wuya ƙwarai a ce ba su haɗa kaka ba a 'yan ƙarnonin nan, komai bambancin sunan da suke amsawa.

Yadda aka yi Gimbanawa

A ƙarshen ƙarni na 18, cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Degel akwai wani malami Ba'are mai suna Abdussalami, wanda shi ma yake da nasa almajiran. Da zama ya yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir, sai ya kwashi mutanensa ya koma wani gari a ƙasar Kabi da ake kira Gimbana, ba nisa da inda Jega take yau. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir, zamanin Sarki Yunfa, ta far wa Gimbana, ta kama mutane. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan na cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804.

Labarin bai tsaya nan ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817, saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami, wanda a lokacin yake zaune a Kware, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin ƙorafinsa akwai yadda aka raba ƙasa bayan nasara. Abin ya kai ga yaƙi, Kware ta faɗi a farkon 1818, shi kuma ya rasu a Bakura daga raunin da ya samu. Bello da kansa ya rubuta labarin rigimar a littafinsa Sard al-Kalam. Har yau masana tarihi ba su daina jayayya a kan yadda za a karanta ta ba, wasu suna ganin ƙabilanci a ciki, wasu suna ganin rigimar mulki ce tsakanin malamai biyu da suka fito daga makaranta ɗaya. Mabiyansa da suka tsira sun taru a Kalambaina, aka sake gwabzawa a can, kuma a wurin ne Abdullahi ɗan Fodiyo da Bello suka daidaita tsakaninsu. Daga baya ɗan Abdussalami, Buhari, ya yi sulhu da Gwandu, ya kafa Jega wajejen 1820. Sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega.

Yanzu ka lura da sunan da mutanen suka tafi da shi. Ba a kira su Arawa ba, duk da cewa jagoransu Ba'are ne. Gimbanawa aka kira su, da sunan garin da suka zauna 'yan shekaru kawai kafin a tarwatsa shi. Abin da ya ɗaure su malami ɗaya ne, da hijira ɗaya, da wahala ɗaya da suka sha tare. Jama'ar malami kuwa, ka sani, ba a tambayar ƙabila kafin a ba mutum allo. Yau, bayan shekara 200 da 'yan kai, mutum zai ce maka shi Bagimbane ne gaba da baya, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai kakansa na hawa na goma bai taɓa jin wannan suna a matsayin asali ba.

Koma baya kaɗan, Arawan su ma labarin da suke bayarwa na haɗuwa ne. Ruwayarsu ta ce wani ɗan sarkin Barno, Ari, ya zo yankin da yanzu ake kira Arewa, wajen Dogon Dutsi a Nijar, ya auri 'yar mutanen da ya tarar, aka haifi Akazama. Masanin Faransa Marc-Henri Piault ya tattara waɗannan ruwayoyi a littafinsa na 1970. Kabawa kuma ruwayoyinsu suna danganta Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame, da Kuyambana ta ƙasar Katsina. Toronkawa, dangin Shehu, daga Futa Toro ta Senegal kakanninsu suka taso suka sauka Birnin Ƙonni. Ko ruwayoyin nan sun dace da abin da ya faru sak ko an yi musu ado, abin lura shi ne kowace al'umma da bakinta take cewa baƙo ne ya zo ya yi aure.

Harshen ma ya tona asirin. Ɗafa-ƙeyar nan "-awa" ba ta san jini ba. Da ita muke cewa Kanawa da Sakkwatawa, mutanen gari. Da ita muke cewa Kadirawa da Tijjanawa, mabiya ɗariƙa. Da ita ake kiran mabiyan ɗan siyasa a yau. A ƙaramar hukumar Maiyama akwai gari mai suna Sambawa, siffar sunan kawai ta ishe ka. Abin da "-awa" ke cewa shi ne mutanen wane ko mutanen wuri kaza, shi ke nan. Mu ne daga baya muke ɗora mata nauyin jini.

Kasuwa ba ta tambaya

Jega ba ta tsaya garin 'yan hijira ba. A ƙarni na 19 ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular Usmaniyya, zango ga fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro. Nufe da Ilori suna ƙarƙashin Gwandu a lokacin, don haka hanyar kudu a buɗe take ga Nufawa da Yarabawa. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa manyan rukunonin fataken nan, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, tushensu ƙasar Abzin ne da Barno, amma suka zama Hausawa har suka kai Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba. Kambarin Barebari ma a Gummi suka yi cibiya, kan Gulbin Zamfara ɗin nan da ya ratsa ta Jega.

Falke in ya yi zango na wata da watanni, aure yake yi. Ga kuma abin da ba mu cika son faɗa ba: bayi. An sayar da mutane a kasuwannin wancan zamani, an kai mata gidajen sarakuna da attajirai a matsayin ƙwaraƙwarai. A shari'a ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, nasabar ubansa yake ɗauka, yana gado, yana sarauta. Saboda haka gidajen da suka fi kowa tinƙaho da asali, sau da yawa su ne suka fi kowa gauraya ta ɓangaren uwaye. Sunan uba ya rufe komai.

Yau ma hanyar ba ta mutu ba. Titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Jega da Maiyama ya gangara Koko da Yawuri shi ke ɗaukar albasar Aliero zuwa kudu. Masu ɗorin Aliero suna karɓar masu karaya daga nesa, jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006 tana tara matasa daga ko'ina. Ita kanta kalmar albasa baƙuwa ce, daga Larabci ta zo, ta zauna da mu, sannan ta wuce wurin Yarabawa suka mai da ita alubosa. Amma abin da ya fi wannan daɗi yana cikin gidanku. Kawu, baffa, goggo: duk ukun daga Fulatanci Hausa ta aro su. Kasuwa da Galadima da Ciroma daga Barebari. Agogo da ashana da akawu daga Yarabanci. Wato mai rantsuwa shi Bahaushe ne zalla, in zai gai da ƙanwar babansa, da Fulatanci yake kiran ta.

Me ke cikin jinin?

Abin da muke kira jini a maganar yau da kullum, masana suna nufin DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinka. An naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Rabi da rabi ne cif, babu wanda ya fi wani. Wanda ya ce maka uwa jaka ce kawai da aka ajiye ɗa a ciki, bai san zancen ba.

Daga kakanni ne lissafin ke fara karkacewa. Kafin mahaifiyarka ta ba ka nata 23, sai da jikinta ya yanyanka na babanta da na innarta ya haɗa su, kamar mai haɗa goron biki daga huhu biyu, ta ɗebo nan ta ɗebo can. Kowane ciki da irin ɗibar da aka yi masa. Shi ya sa kai da ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya kuke haɗa kusan rabin abin da kuka gada, wasu ƙasa da haka wasu sama, galibi tsakanin kashi 40 da 60. Shi ya sa kuma a ɗaki ɗaya wani zai ɗebo dogon hancin kakarsa Bafulatana, ƙanensa ya fito sak kakansa Bakabe, har a riƙa tsokanar uwar ko an musanya mata a asibiti. In an ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wani lokaci halin wani ruwan ta yi, na can baya.

Tunda yankan yana ƙaruwa kowane hawa, akwai inda rabon wani kaka yake ƙarewa ƙurmus. Graham Coop na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya yi wannan lissafi: a hawa na takwas, kusan kaka ɗaya cikin bakwai bai bar maka komai ba a cikin DNA. A hawa na goma, kusan rabinsu. Kakanninka ne na gaskiya, ba don su ba da ba a haife ka ba, amma ko ɗigo nasu babu a jikinka.

Abu biyu ne suka tsira daga wannan yanka. Na farko kuromosom ɗin Y, wanda uba ke miƙa wa ɗansa namiji kusan yadda ya karɓe shi. Shi ne ya yi daidai da abin da muke kira asali, sai dai bai wuce kashi biyu cikin ɗari na rubutun gadon namiji ba, mata kuwa ba su da shi sam. Na biyu wani ɗan guntun DNA ne mai harafi 16,569 da ke cikin maitokondiriya, injin da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi. Wannan daga uwa kaɗai ake samun sa, ita ma daga tata uwar. Kana ɗauke da tambarin wata mata ta hawa na ashirin wadda babu mai iya faɗa maka sunanta.

To Y ɗin Hausawa iri ɗaya ne? A'a. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa sun bayyana wani reshe na Y mai suna R1b-V88 da ya yawaita a tsakanin masu magana da harsunan Cadi, dangin harsunan da Hausa ke ciki. A wasu al'ummun arewacin Kamaru kusan duk maza suna da shi. A Hausawan Najeriya da suka gwada, kusan ɗaya cikin biyar ne, kodayake mutanen da aka gwada kaɗan ne. Sauran suna ɗauke da wasu rassan da ake samu a maƙwabta. Ko ta layin uba zalla, Hausawa ba 'ya'yan mutum ɗaya ba ne.

Fulani fa? A 2019 Mário Vicente da Carina Schlebusch da abokansu sun duba DNA na Fulani makiyaya a Burkina Faso. Sun tarar kusan kashi uku cikin huɗu na gadonsu na Afirka ta Yamma ne, sauran kuma yana da alaƙa da mutanen Arewacin Afirka da Turai, ta hanyar cuɗanyar da ta faru ƙarnoni da yawa baya. Cikin abin da ya shigo ta wannan hanya har da wani canji da ke sa babba ya iya narkar da sukarin madara. Yawancin mutanen duniya suna rasa wannan iko bayan yaye, shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara cikinsa ke ƙugi. Kwafi ɗaya na canjin ya isa, daga uwa ko daga uba. Nono mai tsami kuwa ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin, don haka fura da nono take zama lafiya a cikin kusan kowa.

Akwai wani abu game da irin waɗannan bincike da ya kamata ka sani. Da yawansu ba sa ɗaukar samfurin mutum sai in kakanninsa huɗu duk ƙabila ɗaya suke amsawa. Ka ga ke nan tun daga bakin ƙofa an sallami irin mutanen da wannan rubutu yake magana a kansu, amma duk da haka gaurayar ta bayyana. Tun 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin gado da ke tsakanin 'yan Adam, a cikin kowace al'umma yake, tsakanin mutum da maƙwabcinsa. Kamfanonin da ke karɓar yawunka su aiko maka da "kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali" kwatanta ka kawai suke yi da mutanen da ke rumbunsu. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 78 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kashi 2. Babu gwajin da zai fito da kalmar Bagimbane, don ba a cikin jini aka rubuta ta ba.

Gwajin da ya kamata a matsa a kansa kafin aure wani ne daban. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma sikila ba ruwanta da ƙabila. AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ko 'yar baffanka ce ko daga Ilori aka kawo ta. Auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar haɗuwar wasu cututtukan gado da ke ɓoye: wani babban bincike a Bradford ta Ingila a 2013 ya samu haɗarin haihuwar jariri da naƙasa ya tashi daga kusan kashi 3 zuwa kusan kashi 6. Yawancin 'ya'yan lafiya lau suke zuwa, amma abin a sani ne. Abin takaici, akwai gidan da zai yi wata uku yana bin diddigin kakan yaro, bai yi awa ɗaya a ɗakin gwaji ba.

In ba jini ba, me ke sa mutum ya zama na gida?

A 1969 masanin al'umma Fredrik Barth ya fitar da wani littafi da ya sauya yadda ake kallon ƙabila. Hujjarsa ita ce iyakar da ke tsakanin al'ummu tana dawwama ko da mutane suna tsallake ta kullum. Misalin da abokin aikinsa Gunnar Haaland ya kawo daga Darfur ne: manomi ɗan ƙabilar Fur in shanunsa suka yi yawa sai ya bi makiyaya Baggara, a hankali a riƙa lissafa shi cikinsu. Kai ma ka san kishiyar wannan. Bafulatanin da shanu suka ƙare masa ya zauna gari ya kama noma, jikokinsa ba sa jin ko "jam". Fur da Baggara suna nan, Hausa da Fulani suna nan, mutane ne ke kai da kawo a tsakani.

Al'adarmu ta daɗe da sanin cewa ana ƙulla dangantaka ba tare da haihuwa ba. Matar da ta shayar da kai uwarka ce a shari'a, 'ya'yanta muharramanka ne, alhali ba ku haɗa DNA ba. Ɗan riƙo yakan fi shaƙuwa da goggon da ta goya shi a kan wadda ta haife shi. Da aka ce zumunta a ƙafa take, bayani ne na yadda abin yake aiki: wanda ake gani wurin suna da jana'iza shi ne ɗan'uwa. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga lafiya. Julianne Holt-Lunstad da abokanta sun haɗa bincike 148 a 2010, na mutum sama da 300,000, suka ga masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi waɗanda ke ware yiwuwar tsawon rai da kusan kashi 50.

Sai wasan taubashi, wanda a ganinmu shi ne fasaha mafi wayo da kakanni suka bar mana a wannan fanni. Asalinsa tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ne, sai aka faɗaɗa shi ya hau kan al'ummu: Kabawa da Katsinawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari, Arawa da Fulani. Radcliffe-Brown ya lura tun 1940 cewa irin wannan wasa yana tsirowa ne inda mutane suke haɗe kuma suke rabe a lokaci guda, musamman ta hanyar aure. Ana faɗin bambancin da ƙarfi, a yi dariya, a karɓi kuɗin shara in watan cika-ciki ya zo, ba a zare wuƙa ba. A 2014 UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon ɗan Adam. Ɗan Ba'are da Bafulatana kuwa ya huta, shi ne taubashin kansa.

Shin tashi tsakanin al'adu biyu yana rikita yaro? Angela Nguyen da Verónica Benet-Martínez sun tattara bincike 83 a 2013, suka ga waɗanda suka riƙe al'adunsu biyu sun fi samun natsuwa da iya zama da mutane a kan waɗanda suka riƙe ɗaya kawai. Yawancin binciken a Amurka aka yi, kan 'ya'yan baƙin haure, don haka a ɗauke shi da taka-tsantsan. Amma ya yi daidai da abin da ido ke gani: yaron da ke jin Fulatanci da Hausa bai rasa komai ba. Inda ciwon yake shi ne ranar da wani ya ce masa kai ba namu ba ne.

Wurin da ake faɗin wannan da hatimi shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga makaranta, ɗaukar aiki, ko shiga soja. A aikace garin uba ake bi. Mutumin da aka haifa a Jega, uwarsa 'yar Jega, bai san wani gida ba sai Jega, ana iya tura shi wani gari da kakansa ya baro shekara 70 baya, inda babu wanda zai gane fuskarsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sashe na 318 na tsarin mulkin 1999, wajen fassara wanda ake lissafawa ɗan jiha, ya karɓi ɗaya daga cikin iyaye, ko ma ɗaya daga cikin kakanni huɗu. Uwa ta isa, kaka ta wajen uwa ma ta isa. A nan doka ta fi al'adar ofis kusa da kimiyya. Ita kanta jihar Kebbi sai a watan Agustan 1991 aka yanke ta daga Sakkwato, ƙidayar 2006 kuma ba ta tambayi ƙabilar kowa ba.

In kana son ka san naka 256 ɗin, ba za ka same su duka ba, amma takwas na hawa na uku suna iya samuwa in ka yi sauri. Ka fara da tsofaffin mata, su ne ke riƙe da lissafin aure da saki da wanda ya sha nonon wa. Kada ka tambayi tsohuwa sunan mijinta ko na ɗanta na fari, alkunya ba za ta bari ta faɗa ba, sai dai ta ce "mai gidan nan" ko "wannan yaron". Nemi sunan wurin taubashinta ko ƙawarta. Ita kuma ka tambaye ta abin da za ta ji daɗin faɗa: daga wane gari aka kawo innarta, a kan jaki ko a jirgin ruwa, wane irin zane ne a fuskarta, da wane harshe take ƙirga kuɗi, wa take yi wa wasa a kasuwa. Zanen fuska yana ɓacewa, yaran yanzu ba a yi musu, don haka in akwai tsohon hoto a ƙasan adaka ka ɗauke shi da waya. Ka rubuta sunan gari ko da ta ce maka garin ya tashi, don Gimbana ma an taɓa tarwatsa ta.